Asabar ta Ƙarshe a Charleston

A daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, aka zaɓi nas biyu daga asibitin da Saude take aiki a Kano, za su tafi Amurka kwas na kula da jarirai bakwaini. An daɗe ba a ji irin wannan tafiya ba, don a shekarun da suka wuce ƙasashen waje sun juya wa Nijeriya baya. Sai ga wata ƙungiyar agaji ta aiko da gurbi biyu, ta ce idan an ga amfanin abin, baɗi za ta ƙara.

Saude ce babba a cikinsu. Ta haura arba'in, tana zaune a Tarauni bayan kasuwa, da mijinta Malam Dalhatu, malamin sakandare, da 'ya'yansu. Ta biyun kuwa Ummi ce, wadda ta koyi aiki a hannun Saude tun tana ɗaliba. Ummi a Gyadi-Gyadi take, cikin wani lungu kusa da Court Road, ita da mahaifiyarta Inna Jummai da 'yarta Samira mai shekara shida. Mijinta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya tun Samira tana goye, ba ta kuma sake aure ba. Da aka zo zaɓe akwai waɗanda suka girme ta a aiki, amma Saude ta shiga ofishin Metron, shugabar nas-nas, ta ce duk ɗakin jarirai babu mai hannun Ummi, kuma ita ta tsaya mata. Da wannan maganar sunan Ummi ya shiga.

Garin da aka kai su sunansa Charleston, tsohon gari ne a bakin teku. Zafinsa ba irin na Kano ba ne, mai ɗanko ne, mutum ya yi wanka kafin ya gama sa kaya ya sake jiƙewa. Tsawon kwas ɗin ba su ga komai na garin ba sai hanyar da ke tsakanin masaukinsu da asibiti. Ummi ta yi fice, har likitocin can sun riƙe sunanta. Amma a makon ƙarshe Saude ta lura ba ta cin abincin kirki, kuma takan same ta a wayar da ke baranda tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta tambaya, sai Ummi ta ce kewar Samira ce kawai.

Ranar Juma'a aka ba su takardun shaida. Matar da ke kula da kwas ɗin, wata doguwar baƙar fata mai fara'a da suke kira Madam, ta ce tunda jirginsu sai Litinin, abin kunya ne su koma gida ba su ga garin ba. Ta ba su tikitin keken doki, ta ce su leƙa kasuwar tsohon gari, su je bakin teku inda aka jera igwoyin da, idan kuma suna da ƙarfin hali akwai tsibirin da ake zuwa a jirgin ruwa.

Da hantsin Asabar suka fita. Saude ta rataya kyamarar Malam Dalhatu a wuya, don yara sun ce kada ta dawo ba hoton teku. Ummi kuwa ta saɓa wata babbar jaka da ta rinjayi kafaɗarta.

"Wannan jaka fa? Yawo za mu ko ƙaura?" in ji Saude.

"Ruwan sha ne da sallaya, Yaya."

Keken dokin dogo ne mai rumfa da bencina, wani ƙaton farin doki yana ja, ƙafafunsa kamar turame. Suka zauna a bencin baya, gabansu Turawa 'yan yawon buɗe ido sun jiƙe da gumi. Mai keken saurayi ne da 'yar hula da jar ɗamara, yana riƙe da linzami yana zuba tarihi da sauri, Saude tana kama rabi rabi yana wuce ta. Gidajen suka ba ta mamaki. Kowanne siriri, ya juya wa titi gefensa, barandarsa tana kallon lambu, wai don iskar teku ta ratsa. Ko'ina aka ɗaga kai sai tsinin coci. Suka wuce bakin wani layi da aka shimfiɗe da duwatsu, mai keken ya nuna wani gini can ciki mai baka kamar ƙofar gari, ya rage murya ya ce a nan ake cinikin bayi a da.

Da suka karya kwana sai ga jerin gidaje an shafe su da fenti kala-kala, ruwan hoda, shuɗi, ruwan ƙwai, kamar jeren ɗakin amarya. Saude ta ɗaga kyamara.

"Juyo nan in ɗauke ki da gidajen, Samira ta gani."

Ummi ba ta juyo ba. Idonta yana kan bayan bencin da ke gabanta ta ce, "Yaya, ni fa ba zan koma ba."

Saude ta ɗauka masauki take nufi. "Da wuri haka dama wa zai koma? Ko kasuwar ba mu je ba."

"Kano nake nufi. Ƙasimu ɗan kawuna, wanda yake tuƙa tasi a Atlanta, ya taso tun safe. Da la'asar zai ɗauke ni a ƙofar kasuwa."

Saude ta sauke kyamarar. Ta dubi jakar da ke kan cinyar Ummi, ta dubi takalmin da ke ƙafarta, ba wanda take sawa kullum ba ne, na tafiya ne. Wata tsohuwar Baturiya ta waiwayo ta yi musu murmushi, ta ce ba kyau gidajen? Saude ta gyaɗa kai, ta mayar mata da murmushin da ba ta san daga inda ya fito ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ummi, kina cikin hankalinki?"

"Da na so, da sai dai ki tashi ki ga ba na nan. Na kasa yi miki haka ne."

"Bizarki saura ƙiris ta ƙare. Kin san abin da ake yi wa wanda aka kama?"

"Na sani."

"Inna ta sani?"

Ummi ta girgiza kai. Mai keken ya faɗi wani abin dariya, kowa ya tuntsire, dokin ya ci gaba da tafiyarsa a natse.

Kasuwar doguwar rumfa ce ta jan bulo, mutum ya shiga ta wannan baki ya yi ta tafiya kafin ya fita ta wancan. Ana sayar da riguna masu sunan garin, da alawar gyaɗa irin tasu, da zane-zanen gidajen nan masu kala. A bakin rumfar wasu mata baƙaƙen fata suna zaune suna saƙa kwanduna da faifai da wata doguwar ciyawa, suna ɗaurewa da abu kamar kaba. Ummi ta tsuguna gaban wata dattijuwa ta ɗauki faifai ɗaya tana jujjuyawa, ta ce wallahi kamar na kasuwar Kurmi. Dattijuwar ta tambayi daga ina suke, da ta ji Afirka sai ta riƙe hannun Ummi ta ce kakanninsu da wannan saƙar suka ƙetaro. Saude tana tsaye a kansu, amma ba ta fahimtar komai. Fuskar Metron take gani, da ta Inna Jummai, da lungun nan na Gyadi-Gyadi da za ta shiga ita kaɗai.

Ta yi wa Ummi magana a kasuwar, ta yi a hanyar bakin teku. A ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, kusa da igwoyin da yara ke hawa ana ɗaukarsu hoto, suka shimfiɗa sallaya suka yi azahar bi da bi, ta sake yi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ambaci marigayi mijin Ummi. Ummi dai ba ta musu, sai ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya."

Suna zaune a wurin Saude ta hango wani farin jirgin ruwa yana ratsa tekun, ta tuna da tsibirin da Madam ta faɗa. Wata dabara ta faɗo mata, ta ji kunyarta tun kafin ta gama tunaninta, amma ba ta sake ta ba.

"To, tunda kin yanke, ki yi min abu ɗaya. Raka ni tsibirin nan. Na yi wa yara alkawarin hoton teku, kuma kin san ba zan iya shiga ruwa ni kaɗai ba."

Ummi ta dubi rana. "Za mu dawo kafin la'asar?"

"Bari mu je in tambaya."

Suka hau bas zuwa inda jirgin yake tsayawa. Saude ta bar Ummi a inuwa ta je tagar tikiti ita kaɗai. Mai sayarwa ya ce wannan ne jirgin ƙarshe na yau, kuma tsakanin zuwa da zagayawa da dawowa sai yamma lis. Ta karɓi tikiti biyu. Lissafinta shi ne, idan Ƙasimu ya zo bai ga kowa ba zai ɗauka Ummi ta fasa, ya juya. Ko ba komai za ta sami Lahadi guda ta ƙara gwadawa.

"Ya ce ɗan zagaye ne, yanzu za a dawo," ta ce da Ummi, ba tare da ta kalli idonta ba.

Saude ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Babban ruwan da ta sani shi ne na Tiga, shi ma daga nesa ta tsaya. Da injin ya tashi, ƙasa ta fara ja da baya, sai ta damƙe ƙarfen gefen benci da hannu biyu. Garin ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama tsinin coci-coci kawai a kan ruwa. Mutane suka ruga gefe ɗaya suna ihu, wai ga wasu dabbobin ruwa masu kama da manyan kifaye suna tsalle a bayan jirgin. Ummi ta karɓi kyamarar ta je ta ɗauko. Da ta dawo ta ce, "Yaya, tafiyar nan da nisa," Saude ta yi kamar ƙarar inji ta hana ta ji.

Tsibirin ba gari ba ne, ba ko itace. Tsohon sansanin soja ne na jan bulo a tsakiyar ruwa, bangonsa duk ya farfashe, ga igwoyi baƙaƙe a cikin wasu ɗakuna masu baka, ga tutoci a sama iska tana kaɗa su. Wani ma'aikacin wurin mai faffaɗar hula ya tara mutane ya ce a nan aka fara harbin da ya buɗe yaƙin basasar ƙasarsu. Yana gama bayani Ummi ta matsa ta yi masa tambaya. Saude tana kallo daga nesa ta ga ya nuna agogonsa, ya nuna jirgin, ya girgiza kai. Ta ga Ummi ta tsaya cak.

Saude ta hau matakala zuwa saman bango, kamar mai neman wurin ɗaukar hoto. Can Ummi ta same ta.

"Kin san da haka kika sayi tikitin."

"Na sani."

"Ke, Yaya? Ke da ko minti biyar ba kya yarda a ƙara a takardar mara lafiya?"

"Na yi ƙarya, Allah ya yafe min. In ƙaryar za ta mayar da ke gaban 'yarki, gobe ma zan sake."

"Ƙasimu tun safe yake tuƙi saboda ni!"

"Ni kuma sunana na ajiye a ofishin Metron saboda ke. Kin tuna da Hauwa da sauran abokan aikinmu da ke jiran baɗi? Ke kaɗai za ki rufe musu ƙofa. Yanzu fa abubuwa suka fara gyaruwa, Ummi. Soja sun tafi. Ki ba ƙasar nan ko shekara biyu mana."

Ummi ta yi wata dariya marar daɗi. "Ina firamare aka yi irin wannan murnar, har rawa muka yi a filin makaranta. Ban gama sakandare ba suka dawo. Yaya, na gaji. Na gaji da tura uban jariri ya nemo safar hannu a kemis alhali ɗansa yana shiɗewa. Na gaji da haska tocila a kan kwalbar bakwaini. Ƙannena uku suna makaranta, duk ni suke kallo. In na koma, a haka zan tsufa."

"Samira fa?"

"Saboda Samira ne."

"Samira ba ta aike ki ba. Uwa take so. Ba ta da uba, yanzu kuma..."

"Kada ki ƙarasa, don girman Allah." Muryar Ummi ta karye. Ta juya baya ta dafa bangon, kafaɗunta suna rawa. Saude ta ce za ta gaya wa Madam da zarar sun sauka. Ummi ta ce ta gaya mata, ba tare da ta juyo ba. Duk su biyun sun san ba za ta iya ba.

Kafin a kira mutane su koma jirgi, hadari ya haɗo ta gefen teku, baƙi ƙirin. Suna barin tsibirin iska ta taso, ruwan sama ya kece, jirgin ya fara hawa yana sauka. Aka ce kowa ya shiga ciki ya zauna. Saude ta ji cikinta ya juya, ta tabbata yau kwananta ya ƙare a ruwan da ko sunansa 'ya'yanta ba su sani ba, kuma da ƙarya a bakinta. Ta fara salati da ƙarfi. Ummi, wadda tun daga saman bango ba ta ce mata uffan ba, ta taso ta zauna a gefenta, ta riƙe mata leda ta yi amai, ta jiƙa gefen mayafinta ta goge mata fuska.

"Ki kalli nesa, kada ki kalli ruwan. Ja numfashi a hankali. Ba abin da zai faru."

Haka ta riƙe ta har jirgin ya daki gaɓa.

Suna sauka Ummi ta tare tasi, Saude ta faɗa bayanta. Saude tana roƙon Allah a zuci ya sa mutumin ya tafi, tana kuma jin nauyin roƙon. Da suka isa kasuwar, rana ta yi ƙasa sosai, ruwan ya tsagaita, masu kaya suna ta ɗaurewa. Matan kwanduna sun tashi. Ummi ta duba wannan ƙofar, ta ratsa rumfar da gudu ta duba waccan, ta dawo. Ba Ƙasimu. Ta tsaya a bakin titi, jakarta a ƙasa cikin ruwa, mayafinta ya manne mata a jiki, tana bin kowace mota da ido. Saude ta sami abin da ta roƙa, amma da ta kalli fuskar Ummi sai ta kasa yin hamdala. Ba ta taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da aka kawo gawar mijinta.

Sai ga wata tsohuwar mota ruwan toka ta rage gudu, aka danna hon. Wani mutum mai furfura a gemu ya leƙo ya ce da Hausa, "Ummi? Tun ɗazu nake zagaye, 'yan sanda sun hana tsayawa a nan." Ya ga Saude, ya ɗan rusuna daga zaune. "Sannu Hajiya. An wuni lafiya?"

Ummi ta ɗauki jakarta, ta ciro makullin ɗaki ta sa wa Saude a hannu.

"Akwatina yana kan gado, tsarabar Inna da ta Samira ce a ciki. Ki ce da Inna ta yafe min. Ke ma ki yafe min, Yaya."

Saude ta riƙe mata wuyan hannu da ƙarfi. Motocin baya suka fara hon. Ta sake ta. "Allah ya tsare," ta ce. Motar ta bi layin ta karya kwana.

Lahadi ta wuni a ɗaki, duk motsin da ta ji a baranda sai gabanta ya faɗi, ko Ummi ce ta dawo, ko 'yan sanda ne. Ranar Litinin da Madam ta zo kai su filin jirgi, Saude ta gaya mata Ummi ta tafi. Madam ta tambayi ina, Saude ta ce ba za ta iya faɗa ba. Matar ta daɗe tana kallonta, fara'ar nan duk ta ɗauke, sannan ta ce dole ta rubuta rahoto.

Malam Dalhatu ne ya tarye ta a Kano da motar da ya aro. Ya ga akwati biyu, mutum ɗaya, ya tambaya. Ta gaya masa a tsaye a wurin ajiye motoci. Ya yi salati, sannan ya ce, "Gyadi-Gyadi za mu fara zuwa. Gara su ji daga bakinki."

An yi ruwa da safe, lungun ya cika da taɓo, dole suka bar motar a bakin titi. Tun daga zaure Saude ta ji ƙamshin miyar kaji. An share tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta biyu suna zaune. Samira ta fito da gudu, an yi mata sabon kitso da lalle, ta rungume ƙafafun Saude, sannan ta leƙa bayanta.

"Anti Saude, ina Ummata?"

Saude ta dafa kan yarinyar. Inna Jummai tana bakin murhu da ludayi a hannu. Ta dubi Saude, ta dubi akwatin da Malam Dalhatu ya ajiye a bakin zaure, ta ajiye ludayin a hankali.

"Samira, je ki gidan Binta ki karɓo min faranti," ta ce. Da yarinyar ta fita, maƙwabtan ma suka tashi da kansu. Inna ta shiga ɗaki, Saude ta bi ta, ta durƙusa a gabanta.

"Tana da rai?"

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Tana wurin Ƙasimu. Wallahi na yi iya ƙoƙarina, har abin da bai kamata ba na yi."

Inna Jummai ta zauna a bakin gado. Ta ce bayan tafiyarsu ta buɗe adakar Ummi za ta ɗauko wa Samira kaya, ta ga babu takardun makarantar Ummi ko ɗaya, babu hoton marigayi. Tun ranar take tashi da faɗuwar gaba, amma ta ƙi gaya wa kowa, ta ce wataƙila zargi ne irin na tsufa. "Shi ya sa na yanka kajin," ta ce. "Na ce in na yi girki kamar za ta dawo, ko Allah zai sa ta dawo." Sai a nan hawaye suka zubo mata. Saude ta riƙe ƙafafunta suka yi kuka tare, ƙasa-ƙasa, don kada a ji a waje.

Da Samira ta dawo da farantin, kakarta ta ce mata an ƙara wa Umma karatu ne, sai an jima za ta zo. Yarinyar ta tambayi yaushe. Inna ta ce ta zo ta ga abin da ke cikin akwati.

A asibiti aka kafa kwamiti. Saude ta zauna gabansu ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage ba sai inda Ummi take. Ba a kore ta ba, amma ƙarin girman da take jira ya wuce ta, ƙungiyar kuma ta rubuto cewa ta dakatar da gurbin baɗi. Hauwa, wadda sunanta ke gaba a layin tafiya, ta daina gaishe ta. Saude ba ta ga laifinta ba.

Sai bayan kaka saƙo ya zo ta hannun dangin Ƙasimu a Darmanawa, cewa Ummi za ta bugo waya ranar Asabar da yamma a wani shagon waya da ke titin Zariya. Inna Jummai ta aika a kira Saude, ta ce ita ba ta iya abin ba. Suka je su uku suka zauna a benci, kowace ƙarar waya sai su miƙe. Da aka kira su, Inna ta riƙe kan wayar da hannu biyu, ba ta ce komai ba sai "Na'am" da "Allah ya yi miki albarka." Sannan ta miƙa wa Saude.

Muryar Ummi ta zo daga nesa, siririya, tana isowa a makare. Ta ce tana aikin kula da wata tsohuwa a gidanta, tana karatun jarrabawar nas ta can. Takardun zama dai har yanzu shiru, ko fita ba ta cika yi ba. Saude ta so ta tambaye ta ko tana cin abinci, ko ta yi nadama, ko akwai ranar dawowa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ga Samira."

Yarinyar ta kara wayar a kunne ta yi shiru tana saurare, tana murɗa igiyar da yatsa. Can ta ce, "Umma, haƙorina na gaba ya fita. Inna ta ce in jefa a kan rufi." Ta sake saurarawa, sannan ta dubi Saude. "Anti, ta daina magana."

Mai shagon ya karɓa ya saurara, ya ce layin ya yanke, su ɗan jira ko za a sake bugowa. Suka koma benci suka jira har aka fara kiran magariba a masallacin da ke tsallaken titi. Inna Jummai ta gyara lulluɓinta ta miƙe, ta ce su tafi, sauro ya fara cizon yarinyar.